Kibod Mai Ƙara

Bango ɗaya ne ya raba teburin Mai Agogo da ɗakin Auta, kuma wanda ya gina bangon nan bai ji tsoron Allah ba wajen siminti. Idan Auta ya yi atishawa a ciki, uban yana iya yi masa sannu daga inda yake zaune. Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a ɗan ɗakin da ke bakin gidan. Taga ɗaya ce tana kallon titi, sai fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki uku, da gilashin da yake maƙalawa a ido har fatar wurin ta yi zobe. Aikinsa aikin shiru ne. Mutum ne da ke riƙe numfashi kafin ya ɗora sifirin, wato ɗan nannaɗaɗɗen zaren ƙarfen nan da bai kai gashin gira kauri ba, kuma da kunne yake gane agogon da ya warke.

To irin wannan mutum ne Allah ya ba ɗa mai wasan kwamfuta.

Auta shi ne ƙaramin 'ya'yansa, shi kaɗai ya rage a gida bayan yayyensa sun watse. Yana da ƙungiya ta mutum biyar da suke wasa tare, kowa daga gidansu, suna magana ta hedifon kamar masu tuƙa jirgi. Hannunsa na dama yana kan maus, na hagu yana kan maɓallan kibod, kuma kibod ɗin nan shi ne masifar. Irin mai ƙarar nan ne, kowane maɓalli ka taɓa sai ya ce ƙas. Idan wasa ya yi zafi sai ka rantse tsakuwa ake zubawa a kwano. Mai Agogo ya yi magana, ya yi faɗa, ya toshe kunne da auduga, duk a banza.

Wata Talata da yamma yana kan wani tsohon agogon aljihu, na wata mata da ta ce gadon mahaifinta ne. Ya ɗaga sifirin da hantsaki, ya riƙe numfashi, sai ƙarar ta ɓarke a bayan bango. Hannunsa ya motsa, sifirin ya yi tsalle, har yau ba a gan shi ba. Zuciya ta ɗebe shi. Ya faɗa ɗakin ko sallama babu, ya fizge kibod ɗin da wayarsa, ya maka da ƙasa. Maɓallai suka watse har ƙarƙashin gado.

"Ƙato da kai, shekara ashirin da biyu, hannunka bai iya komai ba sai ƙwanƙwasa roba! Ka tashi ka nemi aikin hannu kamar kowa."

Auta ya durƙusa yana tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihun rigarsa. Da faɗa ya rama, da ya fi wa uban sauƙi.

Mai Agogo da kansa ya samo masa aiki wurin wani abokinsa mai saka gilashin tagogi. Yaron ya riƙe aikin da kyau, har abokin yana yabonsa. Idan ya dawo yakan yi wasansa da wani kibod na roba mai arha wanda ba ya cewa komai, gida ya yi tsit yadda ake so. Wata na biyar, suna ɗaga babban gilashi zuwa bene, gefensa ya zame ya sauka a wuyan hannun Auta na hagu. Ya yanke jijiya. Likitoci suka ɗinke, suka ce jijiya tana tsirowa a hankali kamar farce, kuma ba ta tsirowa ga hannun da aka ajiye. Dole ya riƙa zuwa asibiti sau biyu a mako ana motsa masa yatsun, a gida ma ya riƙa aiki da su.

Tun daga nan shirun gidan ya zama wani iri. Mai Agogo ya sami duk shirun da ya shekara yana nema, sai ga shi yana zama a gaban agogo a buɗe bai taɓa shi ba, kunnensa yana kan bango. Yana ganin ɗansa yana fitowa cin abinci da hannun a cikin aljihu. Sau biyu ya ga kofi ya suɓuce masa ya fashe. A ransa ya yanke hukunci cewa hannun ya rasa ƙarfi, bai kuma tambayi kowa ba, don shi ba mai yawan tambaya ba ne.

Ranar Juma'a wani dogon mutum ya tsaya a tagar shagon. Dogo ne, shugaban ƙungiyar su Auta, magidanci da gemunsa, yana aiki a kantin magani. Da can Mai Agogo yakan amsa gaisuwarsa da hanci. Yau kuwa ya tura masa kujera.

"Baba, wata huɗu ke nan muna riƙe masa gurbinsa," in ji Dogo. "Akwai gasa Asabar ta sama. Idan bai shiga ba, dole mu sa wani, don ba a shiga da mutum huɗu."

"To ku sa wani mana. Wasa ne."

"Wasa ne, Baba. Mu ma ba wasu gwanaye ba ne, ba kofi muke hange ba." Ya sunkuyar da kai. "Amma ya ce da ni, idan hannun nan ya kasa ko danna maɓalli, to ya mutu ke nan, ya daina wahalar da kansa. Mako biyu rabonsa da asibiti. Yana fita ne ya zauna a tashar mota ya dawo, don kada Umma ta gane."

Bayan Dogo ya tafi, Mai Agogo ya daɗe yana kallon hantsakin da ke hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, tsoron cewa ɗansa zai ajiye hannun nan a aljihu har ƙarshen rayuwarsa, kuma shi ne ya fara nuna masa hanyar.

Washegari ya sa rigarsa ta fita, ya nufi benen masu sayar da waya. Shagon da Dogo ya kwatanta masa yana can sama a ƙarshen baranda, ɗan ƙarami, an jera kibod a bango masu fitilu kala-kala suna ta walƙiya. Mai shagon mace ce, ba za ta wuce shekara talatin ba, tana zaune da ƙaramin sukuddireba a bayan kunne. Wannan sukuddireban ne ya sa ya ɗan saki jiki da ita.

"Sannu da zuwa, Baba. Na ofis ake so ko na wasa?"

"Na wasa." Kalmar ta yi masa nauyi a baki.

Ta ɗauko wani ɗan allo kamar tafin hannu, da maɓallai goma sha biyu a kansa, ta cire hular ɗaya ta nuna masa abin da ke ƙasa. Ta ce wannan ɗan akwatin shi ake kira suwic, kowane maɓalli da nasa, kuma shi ne ran kibod, sauran duk ado ne. Iri uku ne manya. Ja yana sauka sumul daga sama har ƙasa, ba tangarɗa, ba ƙara, shi masu wasa suka fi saya don sauri. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, yatsa yana jin lokacin da ya kama. Shuɗi kuma yana da tudun, yana da baki.

Ya danna shuɗin. Ƙas. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

"Wannan kam na san shi," ya ce. "Kawar da shi."

Ta yi dariya. "Iyaye duka haka suke cewa. Wa za a saya wa?"

"Ɗana. Ya ji rauni, hannunsa ba ƙarfi. Wanda ya fi kowanne taushi nake so."

"Allah ya ƙara sauƙi. Amma da ka zo da shi ya taɓa da kansa, Baba. Kibod kamar takalmi ne, ba a gwada wa mutum."

"Ni na haife shi, 'yata. Buɗe mini jan nan in ga cikinsa."

Ta buɗe. Ya zaro gilashinsa daga aljihu ya maƙala a ido, sai ga sifirin ɗan siriri a tsaye, ga ganyen ƙarfe biyu suna jiran su haɗu. A take hankalinsa ya kwanta. Ashe duk wannan hayaniya da fitilu, a ƙarƙashi aikinsa ne, sifirin ne da ƙarfe da saiti. A karon farko tun ranar gilashin ya ga abin da hannunsa zai iya yi wa ɗansa. Ya ɗauki kibod mai jan suwic, irin wanda ake zare suwic ɗin a mayar ba tare da dalma ba, ya haɗa da ƙullin sifirin mafi laushi da take da su.

Kwana uku ya rufe tagar shago. Masu agogo suka yi ta ƙwanƙwasawa suna komawa. Suwic tamanin da bakwai ne, ya zare su duka ya jera a kan farin ƙyalle. Kowanne sai ya buɗe shi, ya cire sifirin kamfani ya sa mai laushi, ya ɗauki burushi mai gashi uku ya shafa mai a gefen 'yar sandar da ke cikinsa yadda yake yi wa agogon masu hali. Ya ɗauko 'yan duwatsun awo na ma'aunin zinariya yana ɗorawa a kan kowane maɓalli, wanda ya fi ɗan'uwansa tauri ko da giram ɗaya ne sai ya sake buɗe shi. Ya yanka ƙyalle mai laushi ya shimfiɗa a cikin gindin kibod ɗin don ya shanye sauran amo. Da ya gama ya kara kunne ya danna, bai ji komai ba. Maɓallan suna sauka tun yatsa bai gama shawara ba. A duk shekarunsa bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, kuma ya sani.

Ranar Laraba da hantsi ya yi sallama a ƙofar Auta, ya jira aka amsa. Yaron yana kwance yana kallon rufi. Uban ya ajiye kwalin a kan tebur.

"Ga wannan."

Auta ya tashi ya buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya shafa maɓallan da hannun dama.

"Baba, ai ba haka suke zuwa daga kamfani ba. Kai ka yi wannan?"

"Na ɗan taɓa shi. Ko jariri zai iya danna shi, ba ya son ƙarfi."

Wani abu ya gilma a fuskar yaron, amma ya yi murmushi. "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Da yamma Mai Agogo ya zauna a teburinsa ya kasa kunne. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi wa kansa, ya gyara kibod ɗin yadda ko ana wasa da shi ko ba a yi, shi ba zai sani ba. Can sai ya ji muryar Auta yana gaisawa da abokansa, har da 'yar dariya, zuciyar uban ta yi fari. Ba a jima ba muryar ta sauya.

"Ku yi haƙuri, ni ne... A'a, ban san na danna ba... Dogo, tsaya, ina zuwa... Ku yi haƙuri."

Haƙurin nan ya ba da shi ya fi sau goma. Daga nan ɗakin ya yi shiru. Da gari ya waye, uban ya leƙa ya ga kwalin a rufe a saman kabad, an ɗora masa tsofaffin littattafai.

Abin ya yi masa ciwo, kuma shi idan abu ya yi masa ciwo faɗa yake zama. Ya sami Umma a kicin tana wanke kofuna, ya fara.

"Kwana uku na rufe shago. Idona har yanzu yaji yake yi. Abin da ko iska ta busa sai ya danna, a ce wai ya gagare shi? Lalaci ne kawai. Ya sa wa ransa ba zai iya ba."

Umma ba ta juyo ba. Shekara talatin da biyar tana jin irin wannan, ta san inda ake barinsa ya huce.

"Malam, wa ya ce maka ƙarfi ya rasa?"

"Ba ki ga kofuna nawa ya fasa ba?"

"Na gani, ni nake sharewa. Kwalbar zumar nan da ta gagare ka ranar Lahadi, har ka ce kamfanin ne ba su iya murfi ba, wa kake tsammani ya buɗe ta? Da hannun hagun ya riƙe." Ta ajiye kofin ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Shekaranjiya ya ɗauke mini murfin tukunya daga kan wuta. Yana riƙe da shi yana ba ni labari. Sai da na yi ihu ya saki. Je ka dubi yatsunsa, duk sun tashi. Kai kana can kana auna sifirin."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaya? Ka rufe ƙofa ka ce kada a dame ka."

Mai Agogo ya koma shago ya ɗauki hantsakinsa mafi tsini, ya shiga ɗakin Auta ya zauna a bakin gado, abin da bai yi ba tun yaron yana firamare.

"Ba ni hannun."

Auta ya zaro shi daga aljihu. Ga tabon ɗinki a wuyan hannu, ga ƙuna a kan yatsu uku, babban yatsa da manuni da na tsakiya. Uban ya riƙe hannun a tafinsa. Ya fi nasa girma yanzu.

"Rufe idonka. Idan ka ji na taɓa, ka faɗa."

Ya taɓa ƙaramin yatsa da bakin hantsaki.

"Na ji."

Ya taɓa manuni. Shiru. Ya ƙara dannawa har fatar ta lotsa. Ya koma na tsakiya, ya koma babban yatsa, ya danna har wurin ya yi fari. Auta yana zaune ido rufe, fuskarsa a sake, yana jira.

"Baba, ka fara?"

Mai Agogo ya ajiye hantsakin a kan gado. Shi da yatsunsa suke gane bambancin giram ɗaya, ɗansa yana zaune bango ɗaya da shi wata huɗu da yatsu uku da ba sa jin wuta, bai sani ba.

"Buɗe idon," ya ce. "Yaya kake yi da maɓallan?"

"Suna motsi, Baba, duk inda na aike su suna zuwa. Labari ne ba sa kawo mini. Idan na danna ban san na danna ba, sai na sunkuya na duba, kafin in ɗago an gama da ni. Na robar nan ma haka ne. Wannan kuwa..." Ya kalli saman kabad.

"Faɗi."

"Yana da kyau sosai. Amma ko yatsana ya kwanta a kai kawai, ya danna. Jiya mutumina na cikin wasan ya yi ta tafiya shi kaɗai har ya faɗa rami, ina kallo, ban san ni nake tura shi ba."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ga wahalar da ka sha."

Uban ya kalli ƙasa, daidai wurin da maɓallai suka taɓa watsewa. Shi ma idan ya rufe bayan agogo ba ya ganin cikinsa, kunne yake karawa ya ji ko yana da rai.

"Wancan na da," ya ce a hankali, "wanda na fasa. Da shi ne, da ka ji da kunnenka."

Auta ya gyaɗa kai a hankali.

"Ni na fasa shi. Ni na kai ka wurin gilashi. Kullum da wannan nake kwana, da shi nake tashi."

"Gilashi ne ya yanke ni, Baba, ba kai ba."

"Ka yafe mini duk da haka."

"Na yafe tun ranar."

Ranar Juma'a tun mai shagon tana ɗaga ƙofa ta gan shi tsaye a baranda da kwali a hammata. Ta buɗe, ta danna maɓalli ɗaya, ta zaro ido.

"Baba, wa ya yi maka wannan aikin? Wallahi ko ni ban iya haka ba."

"Wani tsoho ne da ba ya jin magana. Ɗauko mini ɗan allon nan naki."

Ta ɗauko. Ya zaro filasta daga aljihu ya naɗe yatsunsa uku na hagu, ya naɗa, ya ƙara naɗawa, har suka zama kamar guntayen itace. Ya ce ta juya allon yadda ba zai san wanne ne wanne ba. Ya rufe ido ya fara dannawa. Na farko bai san ya sauka ba. Na biyu ma haka. Ruwan ƙasan da ta ce yana da tudu, tudun bai iso shi ba ta cikin filasta. Yana ta lalube a cikin duhu, kuma a 'yan daƙiƙun nan ya ɗanɗani abin da ɗansa yake ciki. Sai wani ya ce ƙas.

Ya tsaya. Ya sake dannawa. Ƙas.

"Akwai wanda ya fi wannan baki?"

Mai shagon ta daina murmushi, don ta fara gane inda aka dosa. Ta jawo wata 'yar durowa ta fito da wani suwic mai duhun shuɗi. Ta ce wannan wani ɗan ƙarfe ne a cikinsa da ke bugawa idan an danna, ya sake bugawa idan an saki, kuma sifirinsa yana da tauri, yatsa ba ya danna shi da kuskure. Ta ce ba a cika saya ba, don wanda ya saya maƙwabta suke kai ƙararsa.

Ya gwada da naɗaɗɗen yatsa. Ƙas da ya sauka, ƙas da ya tashi. Ko da ido rufe ya san lokacin da ya kama da lokacin da ya saki.

"Shi nake so. Tamanin da bakwai."

Tana zubawa a leda ta ɗaga yatsa. "Amma Baba, don Allah, na ga hannunka. Kada ka buɗe su, kada ka sa musu mai. Mai yana kashe ƙarar."

"Ko ɗigo?"

"Ko ƙamshinsa."

Wannan ne ya fi yi masa wuya. Ya zauna a teburinsa ya zare jajayen da ya kwana uku a kansu, ya zuba a gwangwani. Ya cire ƙyallen da ya shimfiɗa a gindi. Ya dasa shuɗɗan yadda suka zo, da kaushinsu da komai, kwalbar mai tana gefensa yana kallonta tana kallonsa. Da yamma ya kai wa Auta, ya ce, "Ka zame hedifon ɗin daga kunne ɗaya," ya fito bai jira godiya ba.

Ranar ba a taɓa kibod ɗin ba. Mai Agogo ya ci abinci bai san me ya ci ba.

Asabar ƙarfe huɗu za a fara gasar. Tun ƙarfe uku yake zaune a shago da wani agogon hannu da ya gama haɗawa, saura ya saurare shi ya rufe. Titi yana ta harkarsa, mai gyaran taya na tsallake yana buga ƙarfe, wata mota tana ta hon. Bangon kuwa shiru. Uku da rabi ta wuce. Ya ji an ja kujera a ciki, sannan ba komai. Ya ce a ransa, idan yaron nan bai danna ba yau, Litinin ma tashar mota zai je.

Ƙas.

Guda ɗaya, sai shiru, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Ƙas, ƙas. Aka tsaya. Aka sake, huɗu a jere, aka koma baya, aka sake su. Mai Agogo ya gane me ake yi, yaron yana koya wa kunnensa muryar kowane yatsa. A hankali tazarar ta riƙa raguwa. Sai ya ji muryar Auta, ba ƙarfi, amma a tsaye take.

"Dogo, ina nan. Kada ka sa kowa."

Da ƙarfe huɗu ta yi, tsakuwa ta fara zuba a kwano. Ba ta kai ta da sauri ba, tana yi tana tuntuɓe, wani lokaci ta tsaya cak har uban ya riƙe numfashi, sannan ta ci gaba. Sau ɗaya ya ji an ce "ku yi haƙuri." Sau ɗaya kuma ya ji an daka tsawa, "Hagu, hagu, ina bayanka!" da wata murya da rabonsa da ita tun kafin gilashi.

Umma ta leƙo da kofin shayi ta ajiye masa. Ta tsaya tana saurare, tana goge ido da bakin mayafi.

"Ya ce in tashe shi da wuri ranar Litinin, wai layin asibiti yana tsawo," ta ce. Ta kalli agogon da ke hannunsa, ta kalli ƙofar da ke tsakanin shagon da cikin gida. "In ja maka ƙofar? Na ga kana aiki."

Mai Agogo ya kara agogon a kunne. Bai ji komai ba, ƙarar bangon ta danne shi gaba ɗaya. Ya cire gilashin daga idonsa, ya ajiye agogon a kan farin ƙyalle, ya ja kujerarsa har kafaɗarsa ta taɓa bango.

"Bar ta a buɗe," ya ce. "Mai wannan agogon ya dawo gobe."